Idan kyanwar gida ce ke sa yaro atishawa

A saidaliyyar (kantin magani) da nake aiki a Jidda, 'yan uwanmu Hausawa sukan zo neman maganin "murar mukayyif", wato murar na'urar sanyaya ɗaki. Wata murar kuwa babu ruwan mukayyif a cikinta. Mura ta gaskiya takan zo da ciwon jiki, cikin kwana goma ta wuce. Idan yaro ya shafe wata biyu yana jera atishawa, hanci na zubar ruwa, ido ya yi ja yana ta murza shi, kuma babu zazzaɓi, abin da nake fara tambayar uwarsa shi ne: "Hajiya, akwai kyanwa a gida?"

Gashi ake ɗora wa laifi, alhali abin da ke tayar da hasasiyyar (wato alaji) wani sinadari ne da likitoci ke kira Fel d 1, wanda ke cikin yawun kyanwa da maiƙon fatarta. Ta lashi jikinta, yawun ya bushe, ya bi iska ya sauka kan kafet da labule da matasan majalisi. Gidajenmu nan a rufe suke dare da rana saboda zafi, iska ɗaya mukayyif ke ta juyawa. Aske kyanwa ba ya raba ku da matsalar.

Ku fara tabbatarwa, domin ƙurar katifa da kyankyaso ma suna kawo irin wannan. Likitan hasasiyya zai ɗiga ruwan gwaji a hannu, ya ɗan tsaga fatar, cikin minti 15 zuwa 20 wurin ya kumbura kamar cizon sauro idan kyanwar ce. Ku gaya masa duk maganin da yaro ke sha, don wasu suna ɓoye sakamako.

In ta tabbata, ɗakin kwana shi ne kan gaba. Kyanwa ba ta shiga, ko da rana, ko da yaron ya yi kuka. A naɗe kafet ɗin ɗakin a bar tayil, a riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, domin tsintsiya tayar da ƙurar kawai take yi. Zanin gado a wanke da ruwan zafi duk mako. Ragar mukayyif a cire a wanke, abin da yawancinmu ba ma tunawa sai ta toshe. Wanda ya taɓa kyanwa ya wanke hannu kafin ya kai shi ido.

Cetirizine ko loratadine, miligiram 10 sau ɗaya a rana ga babba, suna kwantar da atishawa da ƙaiƙayi; na yara likita ne zai auna. Toshewar hanci ta fi jin feshi irin fluticasone, amma yana son 'yan kwanaki a jere kafin a ga aikinsa. Feshin buɗe hanci na Otrivin kuwa kada a wuce kwana biyar ana fesawa, in ba haka ba hancin zai ƙara toshewa. Akwai allurar da ke saba wa jiki da sinadarin, ana yinta shekara uku zuwa biyar.

Idan ƙirji ya fara fito ko numfashi na sarƙewa da dare, asma ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, kuma shawarata a raba gida da kyanwar. A nema mata wanda zai riƙe ta da amana, kada a jefar da ita a titi cikin wannan zafin rana. Sinadarin yakan yi watanni a gida bayan tafiyarta, saboda haka kada ku yanke cewa ba ita ba ce don mako ɗaya ya wuce babu sauƙi. Yaron da ya kasa magana saboda numfashi, a kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, nan take.

Ba kyanwa kaɗai ke kawo matsalar numfashi ba: masu kiwon tantabara a saman bene, ku ne kuka fi damuna. Ƙurar kashinsu da fuka-fukansu tana iya kumbura huhu, ta bar tabon da ba ya warkewa. Tari, zazzaɓi da haki bayan sa'o'i kaɗan da share akurki, wannan na likitan ƙirji ne. Ku jiƙa kashin kafin kwashewa, ku sa takunkumi, kuma ku faɗa wa likita da bakinku cewa kuna kiwon tantabara.