Yadda za ka auna ko kuɗin da ake zubawa a sararin samaniya sun biya

Gardamar nan ba ta ƙarewa a fada, da an ga labarin roka a tele sai wani ya ce kai Turawa da ɓarnar kuɗi, mu nan Damagaram ana bin 'yan garuwa da bido ana neman ruwa su kuma suna can suna neman ruwa a duniyar Mars. Maganar tana da zafi kuma akwai gaskiya cikinta, amma in kana son ka auna abin da kanka ba wai ka bi mai ƙarar murya ba, ga yadda za ka yi.

Fara da sanin kuɗin tukuna. Hukumar NASA ta Amurka, mai kula da sararin samaniya, tana samun wajen dala miliyar 25 a shekara, in ka juya su sefa sun ninka kasafin ƙasarmu na shekara guda sau huɗu ko biyar, to a idonmu dutse ne. Amma a cikin kasafin Amurka ba su kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, alhali sojojinsu kaɗai suna cin sama da dala miliyar 800. Lokacin da abin ya yi tsada da gaske shi ne shekarun 1960, wajen 1966 NASA ta ci sama da kashi 4 cikin 100 saboda ana tsere da Tarayyar Sobiyet wadda ta riga su harba Sputnik, tauraron ɗan adam na farko, a 1957 ta kuma tura mutum na farko, Yuri Gagarin, sama a 1961. Saboda haka duk wanda ya kawo maka lamba ka tambaye shi ta wace shekara ce, kuma da me ya gwada ta.

Sai abu mafi muhimmanci, kar ka yarda a dunƙule maka "sararin samaniya" wuri guda. Ka kasa shi kashi uku kamar yadda mai tumatir ke yi a kasuwar Dole: taurarin ɗan adam masu kallon ƙasa, na'urorin bincike da ake turawa nesa babu mutum ciki, da kuma tura mutane da kansu. Kowane kashi da farashinsa da ribarsa.

Kashin farko shi ne namu, kuma nan ya kamata ka daɗe. Ciro wayarka ka buɗe taswira, ɗigon shuɗin nan da ke nuna kana Birni ko Garin Malam daga taurarin GPS yake zuwa, suna can wajen kilomita 20,000 sama, sojan Amurka ne suka kafa su kuma ba ka biyan ko dala. Direban da ya wuce Tanut ya nufi Agadas ya shiga Tenere ya san darajar abin fiye da mu. Parabol ɗin da ake kallon ƙwallo da shi ma daga tauraro yake kamawa. Amma wanda ya fi shi ne na damina, hasashen meteyo da ake karantawa a rediyo yana dogara da hotunan tauraron Meteosat na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 1977, yana tsaye kilomita 36,000 yana kallon Afirka dare da rana. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya kashe dabbobin Sahel, da irin waɗannan hotuna take bin ruwan sama da ciyawa da yanayin hatsi, masu yaƙi da fara ma da su suke gane inda hamada ta yi kore don a can fara ke hayayyafa. Duk wanda ya ga farar 2004 da yunwar da ta biyo a 2005 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma ka lura, tauraro yana gani ne kawai, ba ya kai buhun hatsi ƙauye, in an ga alamar fari tun watan tara aka yi shiru har watan huɗu to laifin ba na sama ba ne.

Akwai kuma labarin da nake so a riƙa faɗa. Manoman Magarya da Matamai da Mirya da na yankin Maraɗi sun yi shekaru suna barin gawo da sauran itatuwa su tsiro cikin gonakinsu, duniya ba ta san girman aikin ba sai da masu bincike suka jera tsoffin hotunan jirgi da na tauraron ɗan adam, suka ga fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo, itatuwa wajen miliyan 200. Hannun talaka ne ya yi aikin, tauraro ya zama shaida.

Kashi na biyu, na'urorin bincike, a nan ribar ilimi ce ba ta aljihu ba, kar ka yi ƙaryar cewa za su sauke farashin masara. Madubin hangen taurari na James Webb da aka harba a Disamba 2021 ya ci wajen dala miliyar 10, Indiya kuwa ta kai na'ura Mars a 2014 da abin da bai kai dala miliyan 80 ba. Ka ga ke nan tsadar ma ta danganta da hannun da ya riƙe kuɗin. A nan ne kuma za ka yi hattara da masu cewa komai NASA ta ƙirƙiro, ba haka ba ne, sai dai kyamarar wayarka kam asalin fasaharta daga wani ɗakin binciken NASA ta fito a shekarun 1990.

Kashi na uku ne ni kaina nake ja da baya. Shirin Apollo na zuwa wata ya ci wajen dala miliyar 25 na wancan zamani, mutum 12 suka taka wata daga 1969 zuwa 1972 sannan aka daina zuwa, don manufar dama a kunyata abokin gaba ce kuma an yi. Tashar ISS ta 'yan sama jannati da ke zagaya duniya kowane minti 90 ta haura dala miliyar 100. Ga rayukan da aka rasa, mutum 7 a kumbon Challenger 1986, wasu 7 a kumbon Columbia 2003. In abokin gardamarka ya ce wannan kashin burga ta fi yawa, wlh kar ka yi musu sosai.

Sannan ka tambayi kanka, da ba a kashe kuɗin a can ba ina za su je? Mutane suna magana kamar da an soke roka za a aiko da kuɗin a ja famfo Kara-Kara, alhali kuɗin harajin Amurkawa ne, a gida za su tsaya.

Inda lissafin ya zama namu na gaske shi ne in ƙasashenmu za su sayi nasu taurarin. Najeriya ta harba NigComSat-1 a 2007, ya mutu a 2008, sai 2011 aka maye shi da wani. A 2024 kuma Nijar da Mali da Burkina sun yi yarjejeniya da Rasha a kan taurarin sadarwa da na sa ido. To duk ranar da maganar ta taso a fada, bar zancen wata da Mars ka tambayi nawa ne, akwai inshora in ya lalace, 'ya'yan wa za a horar su sarrafa shi, kuma hotunan za su kai hannun ma'aikacin gona da ke Gure ko za su tsaya cikin biro a Yamai.