Faifai mai taurin kai da kurakuran da muke yi da shi

Ran da ƙanena ya fara riƙe faifan da ake kira Firebird a filin da muke wasan golf na faifai (wasan jefa faifan roba zuwa cikin kwando) a Malali, Kaduna, jifa uku kawai ya yi ya juyo ya ce, "Yaya, wannan faifan a karkace ya baro kamfani." Lafiyarsa ƙalau, haka aka ƙera shi. Lambobin da Innova, kamfanin da ke ƙera shi, ta ba shi su ne 9, 3, 0, 4, wato gudu, shawagi, kaucewar farko, sai lanƙwasar ƙarshe. Wannan 4 ɗin ita ce taurin kan: in mai jifa da hannun dama ya yi jifan bayan hannu, faifan zai karya hagu ya sauka, ko ana ha-maza ha-mata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sabon shiga ya ɗauke shi don neman nisa. Hannun da bai ƙosa ba ba ya ba shi gudun da yake buƙata, sai ya faɗi tun tafiya ba ta yi nisa ba. A fara da Leopard mai 6, 5, -2, 1, a zaɓi wanda bai kai giram 175 ba. In hannu ya faɗa, a koma Teebird mai 7, 5, 0, 2.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kuwa shi ne na biyu, don ni ma na daɗe a cikinsa. Mutum ya ga faifai na gudu hagu, sai ya riƙa murɗa wuyan hannu yana kwantar da shi dama a kowace jifa. Firebird zai haɗiye laifin ya miƙe, kai kuma ka ɗauka ka gwanance. Asiri yakan tonu ne ran da ka ɗauki faifai mai sauƙin kai: ya kife dama, ya bugi ƙasa, ya yi ta gangarawa kamar garen yara. Maganin ba shi da daɗi. Ka ajiye mai taurin kan na mako biyu, ka yi ta jifa da ƙaramin faifan saka kwando har ya riƙa fita a shimfiɗe, ba ya rawa.

Kuskure na uku shi ne ɗaga hancin faifai, wato gefensa na gaba, wanda ke sa shi ya hau sama ya rikito hagu. Ka sunkuyar da wuyan hannu kamar mai tsiyayar shayi daga buta.

Iska fa? Nan ne faifan nan ke biyan kuɗinsa. Da hunturu, in iskar arewa maso gabas tana dukan fuskarka, sauran fayafaya kifewa suke yi, shi kuwa yana riƙe hanyarsa. Amma in tana bayanka, taurin kansa ƙaruwa yake yi, ya sauka da wuri. Da yawa suna yin akasin haka: su jefa shi in iska tana bayansu, su ajiye shi in tana gabansu.

A kuma kula da ƙasa. Da rani filayen Kaduna sun bushe ƙamas, faifan yana sauka a kaifinsa ya yi tsalle ya ƙara zillewa hagu. Ka auna dama da inda kake so, ka sauke shi kafin wurin.

Mu da ba mu da kwando, gindin darbejiya muke aunawa, ka ga faifai na shan duka. Irin robar da ake kira DX tana saurin laushi, taurin kan ya ragu. In don iska kake son sa, ka sa a kawo maka na robar Champion.