Yadda ake ganin tushen gaɓoɓin ji a ƙwan ƙudan Drosophila

Kowace gaɓar ji a jikin tsutsar ƙudan 'ya'yan itace (Drosophila) daga ƙwayar halitta guda take fitowa, wadda masu bincike ke kira SOP. Ganinta ba wuya, in dai ka dace da lokaci.

Fara da ƙwai. Sa ƙudajen a keji kan farantin aga (wani abu mai kama da jeli) mai ɗan yis, a zafin digiri 25 na Salshiyas. Zubar da ƙwan awar farko, domin matan kan riƙe ƙwai a ciki har ya tsufa, sai ya ɓata maka lissafi. Sai ka tara ƙwan da suka saka cikin awa 2, ka bar shi awa 5. Ke nan yana tsakanin awa 5 zuwa 7, wajen mataki na 11 na girman ɗan tayi.

A daidai wannan lokaci, ƙwayoyin shimfiɗar waje ta ɗan tayin na kunna ƙwayoyin gado achaete da scute gungu-gungu, wasu gungun kuma atonal, mai samar da gaɓoɓin jin miƙewar jiki. Kowace ƙwaya a gungu na iya zama SOP, amma sai a yi rige-rige. Wadda ta ɗan yi gaba takan ƙara fitar da furotin Delta, shi kuma ya taɓa furotin Notch a jikin maƙwabta, ya kashe musu waɗancan ƙwayoyin gado. Su koma fata, ita ta kunna ƙwayar gadon senseless ta tabbata SOP.

Cire ɓawo da bilic da aka surka rabi da rabi, minti 2 zuwa 3, ka ɗauraye sosai. Sandarar da ƙwan a fomaldihayid kashi 4 cikin 100 haɗe da heftan, minti 20, ana girgizawa. Zuƙe ruwan ƙasa tas, zuba metanol, ka jijjiga da ƙarfi kamar rabin minti. Wanda ya nutse shi ne naka. In akasari sun maƙale a tsakiya, mai yiwuwa ragowar fomaldihayid ce ta hana tantanin da ke lulluɓe da ɗan tayin fashewa.

Rina da antibodin da ke kama furotin Senseless, ya kwana a digiri 4. A madubin bincike za ka ga cibiyoyin ƙwayoyin SOP ɗai-ɗai suna haske, tsari iri ɗaya a sashe bayan sashe na ɓangaren ciki. In ka gan su bibbiyu manne, ka makara, SOP ta rabu zuwa 'ya'yanta biyu, pIIa da pIIb. In kuwa gungu duka ya haska, fara zargin Notch ko Delta kafin ka zargi rini.