Yadda Ake Tsara Labarin Wasa da Na Zanga-zanga a Jaridar Ƙungiyar Ɗalibai

Idan 'yan wasan jami'a sun ci kofi a makon da ɗalibai suka fita zanga-zanga kan ƙarin kuɗin makaranta, kada a cusa su cikin labari ɗaya. Kowanne da kanunsa. Wanda ya fi taɓa aljihu da karatun ɗalibai shi ke hawa sama, ko da hoton kofin ya fi ƙayatarwa.

Labarin wasa ba ya cin lokaci: sakamako, abokan karawa, fili da rana, duk a sakin layi na farko. A karɓi sunayen 'yan wasa a rubuce daga hannun koci, domin sunan da aka tsinta a bakin 'yan kallo yakan zo a karkace.

Na zanga-zanga ne mai ƙaya. A tura mutum biyu, ɗaya gaban jerin gwano, ɗaya baya. Kada a rubuta "dubban ɗalibai" da ka. A ƙirga mutanen da ke tsaye a murabba'in mita ɗaya, yawanci ɗaya zuwa huɗu gwargwadon cunkoso, a ninka da girman wurin. A kwafi buƙatun kalma bayan kalma daga takardar da aka miƙa wa hukumar jami'a, sannan a nemi martaninta, a ba ta wa'adi, misali awa 24. In ta yi gum, a rubuta cewa an tuntuɓe ta ba ta amsa ba. Hoto kuwa a ɗauka ta baya ko a dusashe fuskoki, don kwamitin ladabtarwa ma yana karanta jaridar.