Yadda Ake Kula da Kasko da Hita a Gida Lokacin Hunturu

Baƙon da ya san Sakkwato da zafin watan Afrilu kaɗai ba zai yarda cewa akwai lokacin da mutanen garin ke neman wuta ido rufe ba. Amma daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso daga Sahara, hazo ya rufe gari, ɗarin asuba kan shiga har ƙashi, musamman ga mazauna kusa da fadamar Gulbin Rima irin su Kwalkwalawa. Gidajenmu an gina su ne don gudun zafi, ba mu da murhun ɗumama gida mai bututun hayaƙi irin na ƙasashen Turai, saboda haka kowa kan koma ga abin da ya sawwaƙa: kaskon wuta, kurfoti, risho, ko hitar lantarki. Dukkansu suna da amfani, kuma dukkansu suna iya kashe mutum idan aka yi sakaci da su. Ga yadda ake shirya su, a yi aiki da su, a kuma gano matsalarsu idan ta taso.

Mataki na farko shi ne duba ɗakin kansa tun kafin a kawo wuta. A mafi yawan lokaci sanyin da ke damun mutane yana shigowa ne ta ƙarƙashin ƙofa, da gilashin taga da ya fashe, da silin da ya ɓule. A toshe waɗannan da tsumma ko kwali, a rataya labule mai kauri, a shimfiɗa darduma ko tabarma biyu a kan daɓen siminti, domin siminti na janye ɗumin jiki fiye da yadda ake zato. Sai dai akwai iyaka. Ƙananan kafofin iska da magina ke bari a saman bango, waɗanda wasu ke cusa wa leda da tsofaffin jaridu da zarar sanyi ya kama, a bar su a buɗe muddin za a shigo da garwashi ɗakin. Dalilin haka zai bayyana a mataki na gaba.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne sanin yadda ake hura kasko. A fara da duba kaskon: idan na ƙasa ne, a ƙwanƙwasa shi da yatsa, wanda ya tsage yakan yi sauti a dakushe, kuma irinsa zai iya rabewa biyu yana ɗauke da wuta. Idan kurfoti ne na ƙarfe, a duba ko tsatsa ta cinye gindinsa, a kuma tabbatar ƙafafunsa sun zauna daidai. A zuba yashi ko tsohuwar toka kamar kaurin yatsu biyu a ƙasan kaskon don kada zafi ya sauka kan leda ko kafet, sannan a ɗora shi a kan bulo ko faranti na ƙarfe. Gawayin ya zama busasshe, kuma a hura shi a tsakar gida, ba a cikin ɗaki ba, har sai baƙinsa ya ƙare, farar toka ta lulluɓe shi. Kada a yayyafa fetur don wuta ta yi saurin kamawa, kuma kada a riƙa hurawa da leda ko tsohon takalmin roba, hayaƙinsu guba ne.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna ɗauka cewa tun da hayaƙi ya ƙare, haɗari ma ya ƙare. Garwashi ja zir, wanda ba ya fitar da hayaƙi ko kaɗan, yana ci gaba da fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye, don haka babu abin da zai faɗakar da mutum cewa tana taruwa. Idan aka shaƙe ta, tana manne wa jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, sai jinin ya kasa kai iskar rayuwa ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Mai barci ba ya farkawa ya ji yana shaƙewa, barcinsa ne kawai ke ƙara nauyi. Ajiye kwanon ruwa kusa da kasko ko barbaɗa gishiri a kan garwashi, kamar yadda wasu ke yi, ba ya rage wannan iska ko ƙanƙani. Abin da ke rage ta shi ne iska mai shiga da fita.

Na ga wannan da idona a gidan gwaggona a unguwar Mabera. Wata asuba ƙanwata ta je gaishe ta, ta tarar ba ta fito alwala ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Da aka tura ƙofa, tana zaune a bakin gado ta dafe kai, jikarta kuma na kwance tana amai. Kaskon na gefen gado, tokarsa fari fat, tagar kuma an toshe ta da zani. Da muka fito da su tsakar gida na tambaye ta, "Gwaggo, da wutar kuka kwana?" Sai ta ce, "Ai ta mutu tun tsakar dare, ɗan nan, zazzaɓi ne kawai." Na tona tokar da tsinke, sai ga garwashi na nan da ransa a ƙasa. Allah ya kiyaye, muka kai su asibiti aka sa musu iskar oksijin, suka dawo gida lafiya.

Saboda haka ƙa'idar ita ce: a shigo da kasko bayan magariba, taga ɗaya a buɗe kamar faɗin tafin hannu, a ajiye shi aƙalla mita 1 daga gado da labule da gidan sauro, babba na zaune a wurin, a ji ɗumi har ɗaki ya ɗauka, sannan a fitar da shi waje kafin kowa ya kwanta. Sauran daren aikin bargo ne da rigar sanyi da safa. Wannan ba sabon abu ba ne gare mu, domin ya tabbata a hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da aka ba Manzon Allah (SAW) labari sai ya yi umurni da a riƙa kashe wuta idan za a yi barci, ya kuma kira ta abokiyar gaba. Ɗakin mai jego da na tsofaffi su suka fi bukatar wannan kulawa, domin su ake fi kai wa wuta, kuma jariri da mai ciki da mai ciwon zuciya su wannan iska ta fi saurin yi wa illa. Wanda ke da hali ya sayi ɗan na'urar da ke ƙara idan iskar ta taru, mai aiki da batir, ya kafa shi kusa da wurin kwana, ya riƙa danna maɓallin gwajinsa lokaci-lokaci.

Tokar da aka fitar ma ba a gama da ita ba, domin garwashi kan kwana ɗaya ko fiye a cikinta bai mutu ba. A juye ta a bokitin ƙarfe, a yayyafa ruwa, a ajiye nesa da kara da zana da harawar dabbobi. A hunturu komai a bushe yake ƙayau, iska kuma ba ta hutawa, tartsatsi ɗaya ya isa. Mutanen Sakkwato ba su manta da gobarar Babbar Kasuwa ta watan Janairun 2021 ba, da irin yadda wuta ke gudu a wannan yanayi.

Mataki na uku ya shafi hitar lantarki, wadda ba ta fitar da waccan muguwar iska amma tana da nata haɗarin. Kafin a kunna hitar da ta shafe wata tara ko goma a ajiye, a zare ta daga wuta, a goge ragar gaba da ta baya da busasshen burushi, a hure ƙurar da ta taru a ciki. A bi wayarta da hannu daga farko zuwa ƙarshe ko ɓera ya gwaguye ta, a duba fulogin ko ya narke ko ya yi baƙi. Sannan a karanta lambar wat da ke rubuce a ƙasanta, wadda ke nuna ƙarfinta. Wutar da ake ba mu a Najeriya bolt 230 ce, kuma idan aka raba ƙarfin hita da wannan adadi za a san nauyin wutar da take ja, wanda ake aunawa da amfiya. Hita mai wat 2000 na jan kusan amfiya 9, soket ɗin bango kuwa iyakarsa amfiya 13, ke nan hita ɗaya ta kusa cika shi, babu wurin ƙara dutsen guga ko butar dafa ruwa. Saboda wannan ne ya wajaba a sa ta kai tsaye a soket ɗin bango. Siririn ekstenshan ɗin da ake cajin waya da shi ba zai ɗauka ba, zai yi zafi a hankali a ƙarƙashin kafet har ya kama. Mai mita mai kati kuma ya sani cewa irin wannan hita na cin yunit 2 a kowace awa, awa biyar yunit 10 ke nan. Ƙaramin janareta da inbatar sola ta gida ba su da ƙarfin ɗaukarta.

Idan hita ta ƙi kamawa, a fara da abu mafi sauƙi: a gwada wani abin a soket ɗin don a san ko laifinsa ne. Idan soket lafiya yake, a buɗe fulogin a duba fis, a musanya shi da mai lamba irin tasa. Ina roƙon mai karatu da kada ya bari a naɗa zaren waya ko takardar azurfa a madadin fis, domin fis an yi shi ne don ya ƙone a maimakon gidan. Wasu hitocin na da ɗan maɓalli a ƙasansu da ke yanke wuta idan sun karkace, don haka ajiye su a kan katifa ko daɓe mai tudu da kwari kan hana su tashi. Idan tana kamawa ta mutu bayan 'yan mintuna, galibi ƙura ce ta toshe mashigar iska, zafi ya yi yawa, makarin da ke cikinta ya yanke, sai a zare ta, a bar ta ta huce, a share. Idan fanka na juyawa amma iskar sanyi ke fita, ƙarfen da ke yin ja ne ya tsinke, wannan aikin mai gyara ne. Idan ɗuminta ya ragu alhali ƙwan fitila ma ya dushe, wuta ce ta yi ƙasa, babu laifin hita. Warin ƙura na 'yan mintunan farko ba abin damuwa ba ne, amma warin roba mai ƙonewa, ko fulogin da ba ya taɓuwa don zafi, alama ce ta a kashe nan take a kira mai gyaran wuta. Wani abin da ke jawo asara shi ne barin hita a kunne lokacin da aka ɗauke wuta, a fita ko a yi barci, a dawo da wutar cikin dare alhali an shanya rigar yaro a kanta. Da zarar an ɗauke wuta a zare fulogi.

Hitar da ake tsomawa a bokiti don ruwan wanka da alwala ita ma tana bukatar tsari. A tsoma ta cikin ruwa kafin a kunna, a kashe a zare kafin a cire ta, kuma kada a taɓa sa hannu a ruwan don jin ɗuminsa tana haɗe da wuta. A yi wannan aiki inda yara ba sa kaiwa.

Mataki na huɗu gajere ne. Risho da murhun gas na girki ne, ba na ɗumama ɗakin kwana ba, ko da yake na san ana yi. Harshen wutarsu ya kamata ya zama shuɗi. Idan ya koma rawaya yana baƙanta tukunya, a risho lagwani ne ya ƙone ko tsawonsa bai daidaita ba, a datse shi daidai, a gas kuwa ƙofofin kan murhun ne suka toshe, a share su da burushi. A shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo da tukunyar gas, inda ya yi kumfa nan yake yoyo. Janareta kuwa wurinsa waje ne a sarari, nesa da taga, ba zaure ba, ba kuma baranda da aka rufe ba, domin hayaƙinsa na ɗauke da waccan iska mai yawan gaske.

Idan duk da haka aka shaƙi kabon monoksaid, alamomin su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa, kuma sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, abin da ya sa ake yawan kuskure. Bambancin shi ne mutane biyu ko fiye da suka kwana ɗaki ɗaya kan tashi da ciwon lokaci guda, babu zafin jiki, kuma sukan ji sauƙi idan sun fita waje. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa, a kwantar da wanda ya suma a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa madara ko manja. A garzaya da su asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a gaya wa likita ƙarara cewa da garwashi ko janareta aka kwana, ko da sun fara warwarewa a hanya. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Idan Fabrairu ta yi nisa, dare ya fara ɗumi, sai a juye tokar kasko, a kife shi a wurin da ruwan damina ba zai same shi ba. Hitar kuma a share ta, a naɗe wayarta sakwa-sakwa ba tare da lanƙwasa ta da ƙarfi ba, a sa ta a kwalinta ko a babbar leda a ɗaure bakin, a ɗora a saman durowa inda ƙura da ɓera ba za su kai gare ta ba.