Yadda Ake Zaɓen Motar Hannu Mai Ɗaukar Babban Iyali a Damagaram

Ƙanin mahaifina ya taɓa sayen wata doguwar motar Turai mai kujera 7, baƙa wuluk, kujerunta na fata, har da gilashi a rufinta. Ranar da ta iso Garin Malam maƙwabta suka yi ta shigowa murna. Wata uku kacal ta yi tana aiki. Wani ɗan abin lantarki ya mutu a akwatin giyarta, aka karaɗe garejin Zinder ba wanda ya san kansa, aka aika Kano, aka aika Yamai, shiru. Damina guda ta yi a ƙofar gida awaki na fakewa ƙarƙashinta. Da na ce masa, "Baba, ai da ka nemi makaniki kafin ka biya," sai ya ce, "Ɗana, ido ne ya sayi motar nan, ni kuɗi kawai na bayar."

Tun daga ranar, duk wanda ya nemi shawarata kan motar iyali, ba na farawa da sunan mota.

Fara da ƙirga mutane, amma na kullum

Zauna da uwargida ku lissafa waɗanda za su riƙa shiga motar a ranakun yau da kullum: yaran da ake kai wa makaranta, Hajiya da ake kai wa asibiti, masu zuwa Kasuwar Dole. Yawancin gidajen da ke da mutum 15 ko 20, in aka duba, waɗanda ke fita tare ba su wuce 6 ko 7 ba. Kuskuren da ake yi shi ne a sayi mota don ranar biki ko ranar hawan Sallah. Biki sau nawa ne a shekara? Ranar ka yi sawu biyu, ko ka ɗauki shatar mota a tasha, ya fi maka sauƙi da ka ciyar da Hiace wata 12.

Akwai kuma maganar permi, wato lasisin tuƙi. Permi B na motar da ba ta wuce wurin zama 9 ba ne, har da direba. In ta wuce haka sai mai permi D, ke nan ko ka koma neman wani permin ko ka ɗauki direba, shi ma da albashinsa.

Sannan ka tuna mutanenmu ba sa tafiya hannu rabbana. Zuwa ƙauye da buhun shinkafa ne da jarkar ruwa, dawowa da buhun gero, wani lokacin har da rago. Corolla Verso da Opel Zafira kujera 7 ake kiran su, amma layin ƙarshe na yara ne, kuma da ka ɗaga shi wurin kaya ya ƙare.

Raba kuɗin gida uku

In miliyan 4 gare ka, motar miliyan 4 ba taka ba ce. Kaso mafi girma na mota, wani na takardu, wani na gyaran farko. Ban taɓa ganin motar hannu da ba ta nemi taya ko batir ko juyen mai a watanta na farko ba.

Je gareji kafin ka je wurin dillali

Wannan ne matakin da Baba ya tsallake. Ka sami makanikin da kuka saba, ka tambaye shi abu biyu: wace mota ce yake iya kwance injinta ya mayar, kuma wacce ce in kayanta ya lalace da safe ana samunsa a garin nan kafin la'asar. A Zinder amsar kusan kullum Toyota ce, ba don sauran ba su da kyau ba, sai don kayanta sun cika gari, sabo da na hannu, abin da ya gagara kuma Kano na kusa.

A cikin Toyota ɗin ma akwai zaɓi. Picnic, wadda aka ƙera daga 1996 zuwa 2001, injinta na fetur mai lita 2 sauƙi gare shi, ba ya shan mai sosai, sai dai ta tsufa, samun mai lafiya sai an tona. Avensis Verso da ta gaje ta daga 2001 ta fi ta fili, kujera 7 ce. Sienna ta 2004 zuwa 2010 ita ce sarauniyar faɗi: mutum 7 ko 8 su zauna a sake, bayanta kuma da rami mai cin kaya. Farashin wannan daɗin a gidan mai ake biyansa, don injinta mai silinda 6 ne. Da lodi da na'urar sanyi, sa mata lita 12 ko fiye a kilomita 100, ƙananan kuwa wajen lita 9 zuwa 10. Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, sai ka yi lissafin da kanka. Matatar SORAZ tana nan kusa da mu tun 2011, amma ba a taɓa zuba wa ɗan Damagaram mai kyauta ba.

Wani abu game da Sienna: ta 2004 zuwa 2006 bel ke juya tayimin ɗinta (abin da ke daidaita bugun inji), daga 2007 sarƙa ce. In mai bel ce ka tambayi yaushe aka canza shi, in ba wanda ya sani, sa kuɗin canjin cikin ciniki.

In ƙauyenku bayan Tanut yake ko wajen Gure, inda kwalta ke ƙarewa rairayi ya karɓa, duk waɗannan ƙasa-ƙasa ne, cikinsu zai riƙa dukan hanya. Nan sai tsohuwar Land Cruiser ko Prado, kuma wannan wani aljihu ne daban. Masu zuwa Mirya, Magarya ko Matamai ba su da wannan damuwar sosai. Injin gazuwal na zamani kuwa ina jin tsoronsa ga mai sayen man kwalba a bakin hanya, don mai mara kyau na kashe allurorinsa, gyaran kuma da tsada.

Duba mota da sanyin safiya

Ba a cinikin biri a sama, hoton WhatsApp ba mota ba ne. Ka ce wa mai ita kada a tayar da ita sai kun iso kai da makanikinka, ba makanikin dillali ba. Ɗora hannu kan inji. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da ita, ka tambayi dalili, don inji mai ciwo da sanyi yake tona kansa.

Tun tana sanyi, buɗe murfin baƙin mai ka juya shi. In ka ga wani farin kumfa kamar madarar da aka zuba wa shayi, wataƙila ruwa na haɗuwa da mai. Buɗe lagireto: ruwa mai tsatsa ko mai maiƙo a sama mugun labari ne. A tayar, ka koma bayan salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin tana cin baƙin mai, farin da ya ƙi ɗaukewa na nufin ruwa na shiga inji. Sai ka kunna na'urar sanyi ka bar ta a tsaye minti 20 kana kallon allurar zafi. Garin da Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, motar da allurarta ke hawa tana tsaye ba za ta kai ka Takeita da yara 6 ba.

Shimfiɗa tabarma ka leƙa ƙarƙashi. Motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara, gishirin da ake watsawa a hanyoyinsu na cin ƙarfen ƙasa, sama fenti na ƙyalli, ƙasa kamar wainar da ta ƙone. Duba gefen taya, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin an ƙera tayar a mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, kwaltarmu mai zafi fasa ta take. Lambar tafiya kuwa, mai nuna kilomitocin da motar ta ci, kar ka ba ta amana, ana juya ta. Ta Amurka ma da mil take ƙirga, mil 1 kilomita 1.6 ne. Sitiyarin da ya suɗe da fedar birkin da ta lashe sun fi ta gaskiya.

Gwada ta da lodi

Kowace mota lafiyarta lau in direba kaɗai ke ciki. Kira mutum 6 ko 7 manya su cika ta, a ɗora buhu a baya, ku ɗauki hanyar Mirya. Dubi yadda bayanta ya zauna, saurari ƙarar ƙafafu a kan gargada, taka birki da ƙarfi ka ga ko tana ja gefe. In otomatik ce, giya ta riƙa shiga ba duka ba jinkiri. Sa Hajiya ko wani dattijo ya gwada shiga da fita, a nan ƙofa mai zamewa ke nuna amfaninta. A jikin ginshiƙin ƙofa akwai ƴar takarda ko farantin da ke nuna iyakar nauyin da motar ke ɗauka, karanta shi kafin ka fara tunanin ɗora kariyar kaya a rufi. Ka ja kowane bel ɗin kujera ka ga yana kamawa, har na layin baya inda yara za su zauna.

Takardu kafin kuɗi

Motocin hannu ta Kwatano da Lome suke shigo mana, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanya ta ƙara tsawo, sabuwar sauka ta ƙara tsada. Shi ya sa wadda aka riga aka yi wa lambar Nijar, in hannu ɗaya ta zauna kuma an kula da ita, sau da yawa ta fi araha. Mai lambar Najeriya da aka tsallako da ita kan zo da farashi mai daɗi, amma kuɗin duwan (kwastan) na jiran ka, je ka tambayo adadinsa tukuna.

Lambar shasi yawanci harafi da lamba 17 ce. Karanta ta ɗaya bayan ɗaya a jikin mota, ka gwama da ta kart giriz (katin rajistar mota) da ta takardar duwan. In sunan da ke kart giriz ba na mai sayarwa ba ne, a kawo mai sunan ko takardar izininsa. Motar gado kuwa sai duk magada sun yarda. Ku rubuta takardar ciniki da shaidu, a buga mata hatimin hukuma, ladan dillali ma a yanke shi tun kafin a taya. Ranar da ka karɓi makulli ka yi asirans (inshora), ka wuce da ita gareji a juye baƙin mai da ruwan lagireto a canza matatar iska, sannan ka kai ta gida yara su hau.