Yadda ake sanar da ɗan kwamiti cewa za a naɗa wani a kujerarsa

Da wuya ka sami unguwa a Zariya da ba ta da kwamitin da aka naɗa wa mutane: na makarantar Islamiyya a Tudun Wada, na ƙungiyar 'yan kasuwa a Sabon Gari, hukumar gudanarwar wani asibiti mai zaman kansa a Samaru, amintattun masallaci a cikin birni. Ranar naɗi kowa yana murna. Ranar da za a ce wa mutum an ba wani kujerarsa kuwa, shugaba ya tura sakatare, sakatare ya tura takarda, takardar ta kwana uku a mota. Kafin ta isa, mutumin ya riga ya ji a majalisa, ko ya wayi gari ya ga an cire shi daga zauren WhatsApp na kwamiti. Yawancin rigimar da ke biyo baya daga nan take tashi. Don haka aikin da ke gabanka, kai shugaban kwamiti, shi ne ya ji daga bakinka, ido da ido, kafin kowa ya faɗa masa, kuma abin da za ka faɗa ya kasance yana da madogara a rubuce.

Fara da takarda tun kafin ka ɗauki waya. Ɗauko kundin tsarin ƙungiyar da takardar naɗin mutumin, ka nemi amsar tambaya uku: wa ya naɗa shi, wa'adin shekara nawa aka ba shi, wa ke da ikon sauke shi. Sau da yawa za ka tarar shugaban kwamiti ba shi da wannan iko ko kaɗan. Idan mutumin wakilin wata ƙungiya ne, misali ƙungiyar iyayen yara ce ta turo shi kwamitin makaranta, to ita ce za ta janye shi da takardarta, kai isar da saƙo ne naka. Tantance kuma wane irin sauyi ne, domin iri uku ne kuma maganarsu ba ɗaya ba ce: wa'adi ya cika ba za a sabunta ba, ko wanda ya naɗa shi ya canza wakili, ko kuma ana sauke shi saboda wani abu da ya yi ko ya kasa yi.

Idan kamfani ne mai rajista, doka ta shigo. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, a sashe na 288, ta ba masu hannun jari ikon sauke darakta kafin wa'adinsa ya cika da ƙudurin rinjaye, wato fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa. Amma sai an ba kamfani sanarwa ta musamman kwana 28 kafin taron, kamfani ya aika wa daraktan kwafinta, kuma yana da damar ya rubuto bayaninsa, ya kuma yi magana a wurin taron. Ma'anar wannan ita ce, idan ka je wurinsa kafin taron, abin da za ka ce shi ne an gabatar da ƙudurin sauke shi, za a duba ranar kaza. Idan ka ce masa an gama, ka ba shi hujjar cewa taron na jeka-na-yi-ka ne. Wanda yake ganin wannan ƙa'ida wasa ce ya duba shari'ar Bernard Longe da First Bank. An sauke Longe daga kujerar manajan daraktan bankin a 2002 a wani zaman daraktoci da ba a aika masa sanarwarsa ba, kuma a 2010 Kotun Ƙoli ta ce saukewar ba ta inganta ba saboda wannan rashin sanarwar.

Ƙungiyoyi da masallatai da makarantun da suka yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, su ma suna da hanyarsu: ƙuduri a babban taro, neman amincewar hukumar, buga sanarwa a jaridu, da jiran kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ka lura da maganar jarida. Sunan mutum zai fito fili, to kada jarida ta riga ka zuwa gidansa.

Sai maganar wanda zai je. Shugaba ne da kansa, tare da mutum ɗaya: sakatare, ko wani dattijo da mutumin yake jin nauyinsa. Mutum ɗaya shi kaɗai ba shi da shaida idan aka juya maganar daga baya, mutum huɗu ko biyar kuwa sun zama kamar an zo kama ɓarawo. Kada ka tafi da wanda zai gaje shi, kuma kada ka tafi da wanda aka san suna da saɓani. Idan dattijo ne ko malami, kai za ka same shi a zaurensa. Kiran irin wannan mutum ofis don a sauke shi cin fuska ne. Idan mace ce, ko dai a yi a ofis tare da wata mace daga kwamitin, ko a je gida bayan an sanar. A faɗa mata ita da kanta, domin ita aka naɗa, ba a aika saƙon ta bakin maigida.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi ko bayan la'asar, a ranar da ba a tsakiyar wata hidima yake ba. Kauce wa ƙofar masallaci bayan Juma'a, da wurin ɗaurin aure, da zaman makoki. Idan rasuwa aka yi masa, a jira a share makoki. Tsakanin yanke shawara da zuwa wurinsa kada ya wuce kwana biyu, domin maganar da mutum bakwai suka sani ba ta kwana uku a ɓoye. A waya ka ce, "Alhaji, akwai maganar kwamiti da nake so mu yi ni da ku, yaushe zan same ku a gida?" Kada ka ce gaisuwa ce kawai za ka zo.

In kun zauna, a gaisa yadda ya kamata, a tambayi iyali da gajiya. Daga nan ka shiga magana kai tsaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne dogon yabo: a yi minti ashirin ana lissafa alherin mutum har ya zaci ƙarin matsayi za a yi masa, sannan a sako "amma". Faɗuwar ta fi zafi. Jimla biyu zuwa uku sun isa: "Malam, Allah ya ƙara girma. Na zo ne in sanar da ku da kaina cewa wa'adinku a kwamiti zai cika ƙarshen watan nan, kuma amintattu sun yanke shawarar naɗa wani a gurbin. Ban so ku ji a bakin kowa ba." Sai ka yi shiru, ka bar shi ya yi magana. Shirun yana da nauyi, amma kada ka cike shi da surutu, don a nan ne mutane suke yin alkawarin da ba za su iya cikawa ba.

Zai tambayi dalili. Ba shi dalili ɗaya, na gaskiya, wanda yake daidai da abin da aka rubuta a bayanin zama. Idan rashin halarta ne, faɗi adadin: zama shida aka yi a bana, ɗaya kuka samu zuwa. Idan ana neman wanda ya san lissafin kuɗi ne, faɗi haka. Kada ka fake da "daga sama ne" ko "ni ma fin ƙarfina aka yi". Gobe zai je wurin na saman, ƙaryar ta fito, ko kuma kwamitin ya rabu gida biyu. Idan zargi ne na kuɗi ko na amana, wannan zama ba wurin sa ba ne sam. Sai an rubuta masa zargin, an ba shi kwanaki ya amsa, an saurare shi, sannan a yanke hukunci. Magana zarar bunu ce, kuma kiran mutum maci amana ba tare da hujja ba yana iya kai ka kotu kan ɓata suna.

Wani zai ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya yi shiru. Kada ka ɗauka shirun yarda ce, ka sake kiransa bayan kwana biyu. Wani zai fusata. Kada ka rama, kada kuma ka ce "za mu sake dubawa" alhali ka san an gama. Idan tsarin ƙungiya ya ba shi damar ɗaukaka ƙorafi, faɗa masa wurin wa zai kai da cikin kwana nawa. Wani kuma zai roƙi a bar shi ya ajiye da kansa. Idan babu zargi a kansa, a yarda, wannan sutura ce mai kyau, amma a sa rana: takardar murabus ta iso cikin mako ɗaya. Kujerar "mai ba da shawara" ko "uban ƙungiya" kuwa, kada a ba shi don lallashi kawai, sai idan da gaske za a riƙa neman shawararsa.

Ka miƙa masa takardar a ƙarshen zaman, ba a farko ba. Ta ƙunshi ranar da aka yanke shawarar, sashen tsarin da aka dogara da shi, ranar da sauyin zai fara aiki, godiya kan wani aiki takamaimai da ya yi, da abin da zai miƙa: makullai, hatimi, fayiloli, littafin cek, lambobin sirri na imel. A yi kwafi biyu, ya sa hannu a ɗaya cewa ya karɓa. Idan yana bin alawus na zama ko kuɗin da ya kashe daga aljihunsa, a biya shi kafin ranar miƙa aiki.

Bayan an fito daga gidansa ne ake sanar da sauran 'yan kwamiti, a ranar, da jimla guda wadda kowa zai maimaita idan an tambaye shi. Zauren WhatsApp shi ne na ƙarshe: a yi masa godiya a ciki, a bar shi ya yi sallama ya fita da kansa. Idan yana cikin masu sa hannu a asusun banki, a kai wa banki ƙudurin canji da takardun sabon mai sa hannu a makon, in ba haka ba albashin malamai zai maƙale a ƙarshen wata ana neman sa hannun wanda aka sauke. Kamfani kuma ya sanar da CAC canjin darakta cikin kwana 14.